Yadda ake rage haɗarin karon tsuntsaye da jirage a filin jirgin saman Yamai

Aikin farko shi ne ajiye littafi. Kowace safiya da maraice, ma'aikaci ya zagaya titin tashin jirage na filin Diori Hamani, ya rubuta irin tsuntsayen da ya gani, da yawansu, da wurin da suka sauka, domin daga wannan rubutu ne ake gane lokutan da haɗari ke ƙaruwa. Shamuwa tana isowa gab da faɗuwar damina, shirwa tana bin gina idan ta ɓarke bayan ruwan sama, balbela kuma tana bin garke.

Sai a kawar da abin da ke janyo su. A cike kududdufai, a kula da tsawon ciyawa don kada fara ta yi yawa, a ɗauke mushe nan take. Hukumar ICAO, mai kula da sufurin jiragen sama na farar hula a duniya, ta ba da shawarar a sa ido kan duk juji ko mahauta da ke cikin kilomita 13 daga filin, kuma a ganina nan ne aikin ya fi wuya, tunda sai an zauna da magajin gari da masu unguwanni.

Kora da ƙarar bindigar iskar gas tana amfani, amma tsuntsu yakan saba, don haka a riƙa sauya mata wuri da lokaci. Idan garken tsuntsaye ya ƙi watsewa, a sanar da hasumiyar da ke ba jirage izinin tashi da sauka ta jinkirta tashin jirgi, domin yawancin karo yana faruwa ne wajen tashi da sauka.