Idan Kare Ya Ci Kyandir, Ga Abin Yi

A Jos, da an ɗauke wuta sai a jawo kyandir, wani lokaci kuma a wayi gari kare ya cinye ragowarsa. Farin kyandir na shago, wanda ake yi da wani irin kaki mai suna farafin, ba guba ba ne. Haka ma na kakin zuma. Amma ba ya narkewa a ciki, domin zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39 ne, farafin kuwa sai ya haura 45 yake narkewa. Laushi kawai yake yi, ya fita tare da kashi, wani lokaci da ɗan zawo.

Da farko ka tattara abin da ya rage, ka duba me ya ɓace. Lagwanin yana nan? Ɗan ƙarfen da ke riƙe shi a gindi fa? Waɗannan sun fi kakin hatsari. Dogon lagwani yakan maƙale, hanji ya tattare a kansa har ya tsage. Idan ka ga zaren ya leƙo ta dubura, kada ka ja shi, ka kai wa likita. Babban gutsure kuma yana iya toshe hanjin kwikwiyo, alhali ƙaton kare zai kasayar da shi ba wahala.

Kada ka ɗura masa manja ko ruwan gishiri don ya yi amai. Mutane da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya, amma manja yakan bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu, gishiri mai yawa kuwa shi kansa guba ne ga kare.

Ka ajiye masa ruwa mai tsabta. Ka ba shi farar shinkafa da dafaffen naman kaza kaɗan-kaɗan, ba ƙashi, ba albasa, ba yaji. Ka riƙa duba kashinsa har kwana 3.

Idan yana ta amai, ya ƙi abinci, cikinsa ya kumbura ko yana yunƙuri ba ya kashi, kada a kwana a gida. Haka nan idan kyandir mai ƙamshi ne ko na korar sauro, ko an ga fasasshiyar kwalba. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Jos. Ka tafi da kwalin kyandirin, ka faɗa wa likita lokacin da ya ci da kuma yawansa. Ƙarfe yana fitowa sarai a hoton ciki, kaki kuwa da wuya, shi ya sa bayaninka yake da amfani.