Yadda ake zana ƙ, ɗ da ɓ a zubin haruffa

Ni da FontForge nake aiki, manhajar zana haruffa, kyauta ce. Buɗe zubin haruffan da lasisinsa ya yarda a gyara. Kwafi k zuwa gidan ƙ mai lamba U+0199, b zuwa na ɓ (U+0253), d zuwa na ɗ (U+0257).

Wahalar tana wajen ƙugiya. Yanke kan sandar harafin, ka ari lanƙwasar saman f na wannan zubin, don kaurinsu ya zo ɗaya. Ƙugiyar ɗ tana leƙawa dama, sai ka ƙara mata fili, kada ta ci karo da ɗigon i a "faɗi".

Ta manyan Ɓ da Ɗ hagu take. Don Allah kada ka bar ƴ, da ita ake rubutu a Nijar. Sannan buga "ƙarƙashi" ƙanana a takarda, ka duba ko ƙ ta bambanta da k.