Unguwar da kake zaune ita ce za ka sa a saman CV

Jama'a, mai neman aiki a Legas ya duba saman CV ɗinsa yau, wato takardar bayanin karatu da ayyukan da mutum ya yi da ake miƙawa wajen neman aiki.

Ƙarƙashin sunanka da lambar waya, rubuta unguwar da kake kwana a nan: Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12. Unguwa kawai, ba sai lambar gida ba.

Da yawanmu adireshin gida muke sawa, Kano ko Katsina, alhali muna Legas shekara da shekaru. Mai tace takardu ba ya daɗewa a kan kowace. Da ya ga Katsina, sai ya ɗauka kana Arewa, ba za ka zo ganawa jibi ba, ya wuce ta gaba.

Kuma a garin nan nisa abin lissafi ne. Kamfanin da ke Ikeja ya san ɗan Agege zai iso da wuri. Wanda zai haye gadar Third Mainland kullum cikin cunkoso kuwa, suna tunanin makara tun kafin su gan shi.

In kana jin Yarabanci ko Turancin buroka, sa shi kusa da Hausa a jerin harsunan da kake ji. Masu harkar talla da rarraba kaya suna so.

Inda dabarar ba ta ci: kana Agege, aikin yana Lekki. Kada ka ari unguwar wani, ranar ganawa za a tambaye ka hanya. Rubuta cewa a shirye kake ka koma kusa.

Aikin gwamnatin tarayya kuma dole ka sa jiharka ta asali da ƙaramar hukuma, don ana la'akari da rabon guraben jihohi.