Inshorar ɗan haya a Garwa, Marwa da Njamena: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

Wanda ya taso daga Kano ko Damagaram ya kama haya a Garwa ko Njamena, yawanci lissafinsa bai wuce kuɗin wata da kuɗin ajiya da na dillali ba. Mai gidan cikin unguwa ba zai tambaye shi takardar inshora ba, shi ya sa yake zaton ba ruwansa da ita. Doka kuwa ba haka ta ce ba. Kamaru ta ɓangaren Faransanci da Chadi sun gaji dokar farar hula ta Faransa, kuma sashe na 1733 ya ɗora alhakin gobara a wuyan ɗan haya. In wuta ta tashi a ɗakinka, kai za ka biya ginin, sai fa in ka tabbatar cewa daga gidan maƙwabci ta tsallako, ko aibin gini ne, ko wani abu ne da ya fi ƙarfin mutum. Ko mai gida yana da tasa inshorar, kamfaninsa zai iya biyansa sannan ya biyo ka.

Takardar da za ka nema sunanta multirisque habitation, wato inshorar gida mai haɗa haɗura da dama. A cikinta ka tabbatar akwai risques locatifs, wato ɓarnar da ta shafi ginin mai gida, da recours des voisins, wato ɓarnar da ta shafi maƙwabta, domin a gidan haya mai ɗakuna goma wuta ba ta tsayawa a ƙofa ɗaya. Sai kuma kayanka na kanka. Kasuwar inshora a ƙasashen nan biyu, har da Nijar, tana bin dokar CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Najeriya ba ta ciki, don haka abin da ka saba da shi a can ka ajiye shi. Ƙa'ida ta farko: tun gyaran sashe na 13 na dokar CIMA a 2011, sai an biya kuɗi inshora take fara aiki. "Zan kawo cikon ranar Juma'a" ba ya rufe komai. Ka karɓi rasit mai sunan kamfanin, ba na dillalin inshora kaɗai ba.

Inda aka fi cin tuwon ƙasa shi ne wajen faɗin darajar kaya. Mutum yana da kayan sefa miliyan 4, sai ya ce miliyan 2 don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Gobara ta ci na miliyan 1. Kamfani zai ce rabi ka rufe, rabi za a ba ka: sefa 500,000. Daga ciki a cire franchise, kason da aka yi yarjejeniya kai za ka ɗauka, a kuma rage tsufan kaya, domin firijin shekara 5 ba a biyan sa kuɗin sabo. Saboda haka ka bi ɗaki-ɗaki ka rubuta: katifa, gado, talabijin, firiji, janareto, kayan ɗakin uwargida. Ka ɗauki hoton kowanne da rasit ɗinsa, ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp. Rasit ɗin da ke ƙarƙashin katifa tare da katifar zai ƙone.

Ruwa yana da tarko. Dégât des eaux na nufin famfo ya fashe ko ruwan maƙwabcin sama ya zubo. Ambaliyar kogi daban ce, kuma sau da yawa ba ta ciki sai an rubuta ta ƙarara. Duk wanda ya ga yadda kogunan Logon da Shari suka shiga unguwar Waliya ta Njamena da garin Kusuri na Kamaru a 2022 da 2024 ya san wannan layin ya cancanci a karanta shi sau biyu. Haka wutar lantarki da ke dawowa da ƙarfi ta ƙone talabijin: sai an ƙara dommages électriques.

Hajar kasuwa ba kayan gida ba ce. Dilar atamfa da ka jibge a ɗaki tana buƙatar inshorar sana'a. Babur ma tasa daban. Tsabar kuɗi yawanci ba a biya, gwal kuma yana da iyaka sai ka bayyana shi tun farko. Jarkokin fetur na zuwa-zuwa, wato na bumburutu, a tsakar gida kuwa, in mai binciken kamfani ya iske su bayan gobara alhali ba ka faɗa ba, ka ba shi hujjar rage kuɗin ko hana shi gaba ɗaya. A batun sata ana neman alamar fasa ƙofa ko taga. Ƙofar da aka bari a buɗe don zafi ba ta da mai biya.

In abu ya faru, ka sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 5 na aiki, sata kuma cikin awa 48, tare da takardar ƙarar da ka kai kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko wajen jandarma. Kada ka share wurin ko ka zubar da abin da ya ƙone kafin mai bincike ya zo. Haƙƙin neman biya yana faɗuwa bayan shekara 2.

Mai shakka ta fuskar addini ya tambayi kamfani ko yana da takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, tunda CIMA ta amince da tsarin a 2019. Takardun yawanci da Faransanci suke, don haka ka je da wanda zai karanta maka shafin exclusions, wato abubuwan da inshorar ba ta biya, layi-layi kafin ka sa hannu.