Yadda ake dawo da biba bakin kogi ba tare da rigima da manoma ba

Biba dabba ce dangin ɓera, sai dai ita gundumemiya ce, babba takan kai kilo 20 zuwa 30, ga faffaɗar wutsiya ga haƙora masu ruwan lemo. Sana'arta tare ruwa, ta kayar da itace ta jawo rassa ta shafe da laka, kafin kace kwabo rafi ya koma fadama. A Birtaniya mafarauta ne suka ƙarar da ita tun wajen ƙarni na 16 saboda gashinta da namanta, yanzu kuma mutanen ƙasar sun dawo suna nemanta ido rufe don dam ɗinta yana rage ƙarfin ambaliya yana kuma riƙe ruwa lokacin fari.

Fara da wurin. Ana son ruwa mai tafiya a hankali wanda baya ƙafewa, gaɓa mai ƙasar da zata iya haƙa rami, da itatuwa masu laushi irin su wilo. Ɓawon itace da ganye da ciyawar ruwa take ci, bata taɓa kifi, wannan ka riƙe shi don masu kamun kifi sai sun tambayeka. Kuma lallai ya zama asalin ƙasarta ce. A 1946 Ajantina ta kwaso biba daga Kanada ta zuba a Tierra del Fuego, can ƙarshen kudancin ƙasar, wai don kasuwar gashi, can kuwa ba namun dajin da ke cinta, ta cinye dazuka ta tsallaka har Chile, har gobe ana fama.

Sai takarda. Sikotland ta saka ta cikin dabbobin da doka ke karewa a 2019, Ingila a Oktoban 2022, kuma sai a 2025 Ingila ta yarda a sake ta a fili babu shinge, shima da lasisi daga Natural England, hukumar kula da muhalli ta ƙasar. Ka ɗauko ka saki cikin dare a ɓoye laifi ne, kuma shine ke harzuƙa manoma. Likitan dabbobi zai duba su musamman wata tsutsar ciki da ke kama mutane, in daga waje aka kawo sai an killace su tukuna, kamar waɗanda aka kawo daga Norway zuwa Knapdale da ke Sikotland a 2009. Namiji da mace ake saki ko iyali gaba ɗaya, in guda ce sai ta kama gabanta neman aboki. Sakin dai ba wuya, mutanen Idaho a Amurka har da laima suka jefo guda 76 daga jirgin sama a 1948, ɗaya ce kawai ta mutu.

Inda aikin yake shine bayan ta zauna. Yawancin ɓarnarta bata wuce mita 20 daga bakin ruwa, saboda haka a zauna da mai gona tun kafin a kawota, a sasanta ya bar mata wannan zirin. Itacen da ake ji dashi a zagaye gindinsa da ragar waya mai kauri, tsayi kamar mita ɗaya, a bar tazara don itacen ya samu wurin yin kauri, a kafe ta a ƙasa da turaku in ba haka ba ta ƙasa zata bi. Wasu fenti suke haɗawa da yashi su shafa, bata son jin tsakuwa a haƙori.

In ruwan dam ya fara shiga gona kar kayi saurin ɗauko diga, ka fasa da yamma ka dawo da safe ta liƙe, ƙarar zubar ruwa ce ke kiranta. Wayo ake mata. Ka ɗan buɗe dam ɗin ka kwantar da babban bututu daidai tsayin da kake son ruwan ya tsaya, bakinsa na shan ruwa kuma ka kaishi can cikin tafkin nesa da dam, ka nutsar dashi ka rufe da kejin waya. Zata zo ta liƙe gefen bututun tsaf tana ganin ta gama aiki, ruwa kuwa na fita ta inda bata ji. Amma fa ka bar mata zurfi kamar mita ɗaya don ƙofar gidanta a ƙarƙashin ruwa take, in ka zuƙe da yawa wani dam zata gina maka a gaba. Kejin kuma a riƙa share masa ganye, bakin kwalbati shima a sa masa shinge.

A Bavariya ta Jamus da suka dawo da ita tun 1966 akwai mashawarta da manomi zai kira su zo har gona, ni a ganina duk shirin da bai tanadi irin wannan ba bai shirya ba. In duk dabara ta ƙi sai a kama su a canza musu wuri, da lasisi. A Ingila dam ɗin da bai kai sati 2 ba zaka iya cire shi da kanka, wanda ya wuce haka sai ka nemi izini, don haka ka riƙa zagaya bakin rafinka duk sati.