Kafin ka sari itace, ɗan ɓantari ɓawon ka duba

Jama'a, masu shiga daji neman itacen girki, kada ku dogara da ganye wajen gane bishiya. Da rani yawancin bishiyoyi sun kaɗe. Sa gatari ka ɗan ɓantari ɓawon, ka dubi cikinsa.

In farin ƙaro ya tsatso kamar nono, sau da yawa dangin ɓaure ne, irin su cediya da gamji. Bar shi. Ba nauyi, yana ci fuu ya zama toka, tuwo bai nuna ba.

Marke kuwa ɓawonsa toka-toka ne mai dabbare-dabbare, yana ɓarewa da kansa, cikinsa rawaya-rawaya. Wannan shi ne itace. Yana riƙe wuta, garwashinsa ya daɗe.

Ƙirya ɓawonta baƙi-baƙi ne mai kaushi, zuciyarta ja mai duhu. Gatari na sauka za ka ji ƙarar tauri, har hannunka ya amsa. Ba banza maƙera ke neman gawayinta ba. In gatarinka ba kaifi, kada ma ka fara.

Maɗaci ja ne a ciki, ka ɗan taɓa da harshe, ɗacin zai gaya maka.

Dalilin duba cikin ɓawo kuwa, ganye na zuwa ya tafi, amma launin ciki da ƙaro suna nan duk shekara.

Dabarar ba ta aiki a kan busasshen da ya daɗe a ƙasa, ɓawo ya zube. Nan sai ka ɗaga ka ji nauyi. In ya yi shafal, gara ta riga ka. Ɗanye kuma nauyinsa na ruwa ne, kada ya ruɗe ka.

Ɗorawa da kaɗanya dai, in ba sun mutu ba, a ƙyale su.