Yadda na gyara fitilun dashbod masu ɗaukewa

Wata biyu fitilun dashbod na tsohuwar motata suna ba ni wahala. Da dare in na faɗa gargada sai su ɗauke, ko allurar mai ba na gani, can kuma su dawo da kansu.

Na canza fis, na canza ƙwan fitila biyu, duk a banza.

Ashe wayar at ce, wato wayar da wuta ke bi ta koma batir, wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen mota ƙarƙashin sitiyari. Da na girgiza ta fitila a kunne, nan take suka yi ƙyaftawa. Na cire kan batir na nagatif, na kwance notin da ya riƙe wayar da sufana lamba 10, na goge tsatsar da samfefa har ƙarfe ya fito fari, na ɗaure tamau, sannan na mayar da batir.

Sati uku ke nan ko ƙyas. Alhamdu lillahi.